Yadda Hannuna Ya Koyi Kuskure a Guangzhou

Ranar farko da na taka filin golf ɗin da jami'armu take atisaye a kai, can bayan garin Guangzhou, sai da na durƙusa na shafa ciyawar da tafin hannuna, don ban yarda ta gaske ba ce. Sauran 'yan wasan suka tsaya suna kallona. Kocinmu, wani gajeren mutum mai suna Liang, ya jefo mini ƙwallo, ya nuna rami da haɓarsa. Tazarar ba ta fi taku shida ba. Na buga yadda na saba bugawa tun ina ƙarami. Ƙwallon ya wuce ramin kamar an biyo shi da bulala, ya gangara, ya faɗa cikin kwarin yashi.

Ba wanda ya yi dariya, kuma hakan ya fi dariyar ciwo.

Sunana Auwalu, haifaffen Kano. Mahaifina ma'aikacin gyaran fili ne a wani kulob ɗin golf, a nan na koyi wasan. Sai dai a filinmu, wurin da ramin yake ba ciyawa ba ce. Yashi ne da aka cakuɗa da baƙin mai, ana jan buhu a kansa a daidaita shi. A kan yashi dole ka buga da ƙarfi kafin ƙwallo ya tafi. A kan ciyawar Sin kuwa, ko hura masa iska ka yi sai ya yi gaba. Wasan dai ɗaya ne a ko'ina: ramuka goma sha takwas, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Amma ni da ake kira gwani a gida, na wayi gari ɗan koyo.

Jami'ar ta ɗauke ni ne in karanci harkar kasuwanci, in kuma buga mata wasa. Mu takwas ne a tawaga, biyar kaɗai ake tafiya da su gasa. An faɗa mini tun makon farko, ba ɓoye-ɓoye: wanda ƙarshen shekara ya riske shi ba ya cikin biyar ɗin nan, tallafin karatunsa ya yanke. Ga 'yan ƙasa wannan ba komai ba ne, iyayensu za su ci gaba da biya. Ni kuwa in ya yanke, takardar zamana ta yanke tare da shi.

Watannin farko ban san zama ba. Ina idar da asuba mota tana jira a ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai. Mu yi atisaye har rana ta ɗaga, mu dawo a guje zuwa aji, malami yana zuba Sinanci ina kama kalma ɗaya cikin goma. Zafin garin ba irin namu ba ne, wani jiƙaƙƙen zafi ne mai manne wa mutum riga a baya. Ka wanke kaya ka shanya, kwana uku ba su bushe ba, sai wari. A ɗakin cin abinci taga guda ce ta halal, taliya da naman sa, yau ita gobe ita. A cikin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, in na zauna sai kujerar kusa da ni ta kasance babu kowa, ko da mutane suna tsaye cunkus. Idan na sami awa biyu ba aji ba fili, ba na iya zama a ɗaki. Sai in fita in yi ta tafiya a bakin titi, ban san inda za ni ba, in dawo ƙafafuna na zogi.

Wadda ta fara tausaya mini wata dattijuwa ce cikin matan da ke ɗaukar wa 'yan wasa jaka a filin. Kowa Ayi Fang yake kiranta, wato Inna Fang. Kullum tana cikin faffaɗar hula, ta naɗe fuskarta da ƙyalle saboda rana, idanunta kawai ake gani. Wata safiya ta ga na sake wuce rami, sai ta ja ni ta hannun riga, ta sa na tsuguna. Ta shafa ciyawar zuwa gabas, ta yi sheƙi. Ta shafa ta zuwa yamma, ta yi duhu. Da yatsa da 'yan kalmomin da na sani ta fahimtar da ni cewa ciyawa tana da inda take kwanciya, kamar gashin akuya. In ka bi kwanciyarta ƙwallo ya yi gudu, in ka saɓa mata ya yi nauyi. Abin da koci bai taɓa tunanin faɗa mini ba ke nan, don shi a ganinsa kowa da saninsa aka haife shi. Cikin wata biyu na shiga cikin biyar.

Saura matsalar sanda. Babbar sandata, wadda ake fara bugun nesa da ita, ta karye a cikin kaya tun a jirgi. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shiga Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwarmu suke hada-hada, na sami wani shago a lungu da sanduna jere suna walƙiya. Mai shagon ya dafa ƙirji ya rantse mini da Turancinsa na kasuwa cewa ta asali ce. Na saya ina murna. Kwana uku bayan haka, a gaban tawaga duka, na ɗaga na sheme ƙwallo da ita. Ƙwallon ya tafi hagu, kan sandar ya fita fit ya tafi dama, ya faɗa tafki. Na tsaya riƙe da ƙota. A ranar dai sun yi dariya, har Koci Liang sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Da na koma shagon, mutumin ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, yana kaɗa hannu yana cewa, "Meiyou, meiyou." Babu, babu. Ita ce kalmar Sinanci da na fi ji a shekarar nan.

Daga shagon na wuce unguwar Dengfeng, zuwa gidan abincin Hajiya Zinaru, wata 'yar Damagaram da take tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka a wani ɗan ɗaki a hawa na biyu. Nan nake zuwa in kewar gida ta ishe ni. Ina ci ina ba ta labarin sandar, tana dariya har da share hawaye. Sai wani mutum mai jiki da farar shadda a teburin gefe ya juyo.

"Kai, yaro, golf ka ce? Wannan wasan na masu kuɗi?"

"Shi fa, Alhaji."

"Kuma ka iya, ko dai kana ɗaukar musu jaka ne?"

"Jami'a nake buga wa, ranka ya daɗe."

Ya aje cokali ya ƙare mini kallo. Shi ne Alhaji Sammani, ɗan Kano, mai ofis a benen Tianxiu, yana aika tayil da kayan banɗaki gida kwantena-kwantena. Ya biya kuɗin abincina, ya ce in same shi a ofis. Da na je, a bayan ƙofa akwai jakar golf sabuwa fil, sanduna goma sha huɗu, na asali, irin waɗanda a hoto kawai nake gani.

"Ɗauki, naka ne," in ji shi. "Ɗan'uwa ai rabin jiki ne. Ni dai abu guda nake so. Akwai wani mai masana'antar tayil, Laoban Chen. Mayen golf ne. Ni ban san kan wasan ba, kuma a fili suke yanke magana, ba a ofis ba. Ka riƙa raka ni ranar Asabar."

Na rungumi jakar nan a cikin jirgin ƙasa har makaranta, ina jin kamar an ba ni duniya.

A filin da muke atisaye Laoban Chen yake wasa, don ɗan kulob ɗin ne. Asabar ta farko, kafin mu fito daga mota, Alhaji ya dafa gwiwata.

"Ka bi shi kusa da kusa, ɗana. Ya ji cewa da gwani yake karawa. Amma kada ka wuce shi."

"Ban gane ba, Alhaji."

"Ka gane mana. Mutumin nan in ya ci wasa, kayana ake fara lodawa. In ya faɗi, sai in yi wata ina jira. Mene ne a ciki? Ba kofi ake bayarwa ba."

Na so in ce wani abu, sai na tuna jakar da ke bayan mota. Na gyaɗa kai.

Faɗuwa da gangan ba ta da sauƙi yadda mutum zai zata. Laoban Chen ba wawa ba ne, in ka jefa ƙwallo daji zai gane. Don haka sai na riƙa buga na nesa da kyau, ya yi ta tafi yana jinjina mini. In mun zo bakin rami, saura taku ɗaya ko biyu, sai in ɗan karkatar da fuskar sanda, kaɗan, kamar faɗin farce. Ƙwallon ya lashi leɓen rami ya wuce. In kama kai, in yi tsaki. Chen ya bubbuga bayana yana dariya, ya ci ni da bugu ɗaya ko biyu, a tafi cin kifi. Alhaji ya dawo gida bakinsa har kunne. Haka muka yi ta yi, Asabar bayan Asabar, kusan wata uku. Na ƙware har ni kaina wani lokaci ba na sanin sa'ad da na karkatar.

Wata Asabar aka haɗa ni da Ayi Fang ta ɗaukar mini jaka. A rami na sha shida ta tsuguna ta duba ciyawa, ta ɗaga mini yatsa biyu ta nuna hagu. Daidai ta faɗa, ni ma na gani. Na buga ta dama. A na sha takwas na sake. Da aka gama tana goge sanduna, ta sauke ƙyallen fuskarta, karo na farko da na ga bakinta. Ta yi magana a hankali don in gane.

"Hannu bai san Asabar ba, bai san Litinin ba. Abin da ka koya masa shi zai yi."

Na yi kamar Sinancin ya fi ƙarfina. Na ce mata xiexie, na gode, na karɓi jakata.

Gasar jami'o'in yankin ta zo, aka tafi da mu wani gari a kudu, kwana biyu. Ranar farko na yi wasa lafiya. Rana ta biyu, a rami na huɗu, ƙwallona ya tsaya taku ɗaya daga rami. Na tsaya a kansa da niyyar jefawa, zuciya ɗaya. Ina kai sanda, sai na ji wuyan hannuna ya ɗan juya da kansa. Ƙwallon ya lashi leɓe ya wuce. Gumi ya karyo mini. A na tara haka, a na sha uku haka, a na sha bakwai haka. Huɗu na zubar, irin waɗanda ko ido rufe nake jefawa. Tawagarmu ta rasa zuwa zagaye na gaba da bugu biyu.

A motar dawowa ba wanda ya dube ni. Da muka iso, koci ya ce kowa ya tafi ban da ni.

"Na ga 'yan wasan da tsoro ke sa su kuskure," in ji shi. "Su hannunsu rawa yake yi. Kai naka ba rawa yake ba. Kaucewa yake, kullum gefe guda, kamar an horar da shi. Wa ya horar da shi?"

Na faɗa masa komai. Ya saurara yana kallon takalminsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Ka fita daga biyar. Zhou zai maye gurbinka. Nan da mako shida za a yi wasan tantancewa na ƙarshen shekara, duk ku takwas. Abin da katin makinka ya nuna shi zan rubuta wa jami'a. Ba zan ƙara maka ba, ba zan rage ba."

Kwana biyu na yi ina yawo a harabar makaranta kamar wanda ya ɓatar da wani abu. Na kira gida, mahaifiyata ta tambaye ni wasa, na ce alhamdu lillahi, na sauya magana. A rana ta uku na saɓa jakar na nufi Tianxiu. Alhaji yana kan waya yana faɗa da wani wakilin jirgin ruwa. Da ya ga jakar ya kashe wayar.

"Lafiya, Auwalu?"

"Alhaji, na zo in yi godiya ne, in kuma ba ka haƙuri. Ba zan iya Asabar ɗin nan ba kuma."

Na ba shi labarin gasar. Ya jingina da kujera ya yi ajiyar zuciya.

"Yaro man kaza. Kana tsammani ni daɗi nake ji in bi wani ina masa dariyar da ba ta kai ciki ba? Shekarata goma sha a garin nan. Ba wanda ka gani a benen nan da ba ya sunkuya wa wani. Mutum nawa ne a Kano suke ci ta dalilin kwantenar nan, ka sani? Asabar mai zuwa kaɗai, akwai babban oda. Daga ita ka huta."

"In na zo, Alhaji, da gaske zan buga."

"To, kada ka zo."

Na jingina jakar da bango. Ya ce kyauta ba a mayar da ita, cin fuska ne. Na ce na sani, ya yafe mini, amma in tana hannuna ba zan iya ce masa a'a ba. Ya ɗauki waya ya ci gaba da faɗansa, na fita na ja masa ƙofa.

Magana ba ta kwana a Xiaobei. Juma'ar da ta biyo baya na shiga wurin Hajiya Zinaru na yi sallama, mutum biyu kawai suka amsa. Wani ya ce wa na kusa da shi, da ƙarfi don in ji, "Yaran yanzu, ka yi musu rana su yi maka dare." Na juya zan fita, Hajiya ta leƙo daga madafa.

"Ina za ka, ɗan nan? Zo ka riƙe mini wannan."

Ba abin da za a riƙe. Ta zaunar da ni kan buhun shinkafa a cikin madafar, ta zuba mini tuwo da nama har uku.

"Ni ban san wasanku ba," ta ce, "ban kuma tambaye ka wa ke da gaskiya ba. Ci."

Na ci, hawaye na ɗiga cikin miya, ita kuma ta juya baya tana ta kankare tukunyar da ta riga ta wanke.

Ba ni da sanda ko ɗaya ta kirki. Litinin da safe na zo fili da tsofaffin nawa na gida, babu babbar. Zhou, wanda ya karɓi gurbina, wani dogon saurayi mai tabarau da ba mu taɓa wata doguwar hira ba, ya dubi jakata ya tafi. Washegari ya zo da jaka biyu, ya aje ɗaya a gabana. Tsofaffinsa ne na sakandare, an ɗaure wa ɗaya ƙota da salatif.

"Ka san da ni za ka yi takara?" na ce masa.

"Na sani. Ba na so in ci mutumin da ba shi da sanda."

Koci ya kafa mini aiki guda. Taku ɗaya daga rami, ƙwallo ɗari a jere. In na kuskure ɗaya, ko na casa'in da tara ne, in koma farko. Azumi ya kama a cikin makonnin nan. Ina tsaye cikin jiƙaƙƙen zafin nan, maƙogwaro ya bushe, baya ya ƙage, ina ƙirga. Makon farko ban taɓa wuce talatin ba. Akwai ranar da na kai tamanin da shida hannun ya kauce, na yi jifa da hula na zauna a ƙasa, na ce gobe zan nemi tikitin gida. Gobe ta yi na dawo. Jarrabawa kuma tana tafe, ina haddar kalmomin Sinanci a mota da takarda a cinya. Sai a mako na biyar na cika ɗari.

Ranar tantancewa an yi yayyafi da safe. Huɗun farko sun yi mana nisa tun da wuri, kowa ya san gurbi na biyar tsakanina da Zhou ne, kuma tare aka haɗa mu. Ya wuce ni da biyu, na kamo shi. Na wuce shi da ɗaya, ya kamo ni. Muka zo rami na ƙarshe kunnen doki. Nasa bugun ya faɗa yashi, ya fito, ya gama da biyar. Ni na kai bakin rami da uku. Saura taku ɗaya da rabi. In ya shiga na tsira.

Na tsuguna na duba ciyawar. A miƙe take, ba wata dabara. Na tashi na tsaya a kansa, sai na ji hannuwana kamar na aro. Na ja da baya. Na goge tafina a wando, na yi bisimilla, na dawo. Ban kalli ramin ba. Na buga, na bar idona a inda ƙwallon ya tashi, ina sauraro. Sai na ji ƙarar faɗawarsa cikin kofin ramin, ƙwal.

Ban yi ihu ba, na sunkuya na ciro ƙwallon. Koci Liang ya karɓi katina ya duba, ya sa hannu.

"Motar zuwa gasa ƙarfe shida ranar Alhamis," ya ce. "Kana da rigar ruwa?"

"Babu."

"Nemo. Inda za mu ruwa ake yi."

Na ƙara shekara biyu ina buga wa jami'ar har na gama. Ban taɓa ɗaga kofi ba, mafi kyawun da na yi shi ne na bakwai. Alhaji Sammani bai sake yi mini magana ba, in mun haɗu a masallaci mu gaisa da ka. Har yau in ƙwallo ya tsaya taku ɗaya daga rami, tafina sai ya jiƙe.

Amma a ranar, bayan koci ya wuce, Zhou ya cire hularsa ya miƙo mini hannu kamar yadda ake yi. Idanunsa sun yi ja a bayan tabarau. Kunya ta kama ni, da sandunansa na kayar da shi. Na sauke jakar daga kafaɗa na miƙa masa, ina neman kalmar ban haƙuri a Sinanci na kasa samu.

Ya dubi jakar, ya dube ni, ya tura mini ita da ƙafa.

"Ranar Alhamis da me za ka buga?" ya ce. "Da lema?"